Akantan da ya gyara mana takardun ƙungiyar marayu a Birnin Kebbi

Ni ce ma'ajin wata ƙungiyar mata da ke ɗaukar nauyin marayu a Jega, kuma ina so masu riƙe da kuɗin ƙungiyoyi irin tamu su ji yadda wani ofishin akanta a Birnin Kebbi ya yi mana aiki. Ƙaramin ofis ne a saman bene kusa da babbar kasuwa, shi da yaransa biyu da kwamfuta, sai kabad cike da fayil-fayil.

Abin da ya kai mu wurinsa wasiƙa ce daga wani ofishin haraji, ana neman bayanan kuɗinmu. Ta zo ne jim kaɗan bayan wani ɗan adawa ya kawo mana buhunan shinkafa a taron rabon kayan sallah, hotunan suka yi ta yawo a Facebook. Nan da nan mata suka ce ai siyasa ce. Ni ma raina ya ɓaci, domin a cikinmu akwai 'yar kowace jam'iyya, maraya kuwa ba ya da katin zaɓe.

Da na faɗa masa haka, bai gaskata ba, bai kuma ƙaryata ba. Cewa ya yi: "Hajiya, zuciyar wanda ya rubuto ba a hannunmu take ba. Kawo mini rasit." Na juye masa leda guda a kan tebur, har da wanda aka rubuta a bayan kwalin sabulu. Ya zauna yana jera su wata-wata, yana tambayata ɗaya bayan ɗaya, bai nuna ƙosawa ba ko kaɗan. Wannan haƙurin nasa ne ya fi burge ni.

Ya kuma yi mana bayani dalla-dalla da Hausa. Rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ba ita ce ƙarshen magana ba. Dole ƙungiya ta mallaki lambar haraji, ta sami takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, ta riƙa miƙa bayanan shekara ko da ba a bin ta ko kwabo. Gudummawa da sadaka an yafe musu haraji, amma ribar kasuwanci ba ta shiga cikin yafiyar, don haka ya ware kuɗin injin markaɗenmu a shafi daban. Albashin malamar da ke koya wa yara ɗinki kuma, idan ya kai a cire masa haraji, harajin na jiha ne. Ya nuna mini sashe na 839 na dokar kamfanoni ta 2020, wanda ya ba CAC ikon dakatar da amintattun ƙungiya idan an sami almundahana, sashen da coci-coci da ƙungiyoyin farar hula suka yi ta kuka a kansa.

Na ce, "Malam, to da gaske hukumar haraji na iya zaɓen waɗanda za ta matsa wa saboda siyasa?" Ya ce ya taɓa faruwa har a Amurka. A watan Mayun 2013 wata babbar jami'ar hukumar harajin ƙasar, IRS, mai suna Lois Lerner, ta amsa cewa ma'aikata sun riƙa ware takardun ƙungiyoyi masu kalmar "Tea Party" ko "Patriots" a sunansu, wato na masu ra'ayin riƙau. Wasu sun shekara da shekaru suna jiran amincewa, wasu an nemi sunayen masu ba su gudummawa. Muƙaddashin shugaban hukumar, Steven Miller, ya rasa kujerarsa a watan. A 2017 wani binciken ya nuna an ware masu kalmar "Progressive", wato na ɗaya ɓangaren siyasar, su ma, kuma a Oktoban shekarar hukumar ta nemi afuwar wasu ƙungiyoyin da suka kai ta kotu. Wannan ya tsaya mini a rai sosai. Idan suna kawai ya isa a jinkirta wa mutane aiki, to mu da hoton buhun shinkafa ke iya shafa wa launin jam'iyya, dole littafinmu ya zama tsaf.

Shi ya rubuta amsar wasiƙar, ya raka ni muka miƙa, ya tabbatar an buga hatimi a kwafinmu. Har yau ba a sake neman mu ba.

Inda yake da rauni shi ne waya. Sai ki yi ta kira ba a ɗauka, ga hanyar Jega zuwa Birnin Kebbi na cin kuɗin mota. Kuɗin aikinsa ma ba arha ba ne ga ƙaramar ƙungiya, ko da yake ya yarda mu biya kashi-kashi, kuma kowane biya da rasit. Duk da haka shi za mu ci gaba da ba aikin shekara. Mai zuwa wurinsa ta tafi da takardar rajista, bayanan banki da littafin taro, kuma ta yi sammako, domin bayan azahar yakan fita ofisoshi.