Maido da asali ko sabuntawa: da wane ma'auni za a auna gyaran tsofaffin filayen golf?

Malam, ka tambaya cewa idan kulob ya ce ya maido da filinsa yadda mai zanensa na farko, kamar Donald Ross ko Alister MacKenzie, ya bar shi, ta yaya za a bambanta hakan da sabuntawa, kuma wanne ya fi cancantar yabo. A ganina ayyuka biyu ne daban, kuma yawancin gardamar da ake yi tana tasowa ne daga auna ɗaya da mudun ɗayan.

Da farko dai, filin golf ba ya zama yadda aka bar shi, ko da ba a taɓa shi ba. Injin yankan ciyawa ba ya son lungu, saboda haka girin, wato shimfiɗar gajeriyar ciyawar da ramin yake ciki, yakan yi ta tsukewa shekara da shekara har kusurwoyinsa su ɓace ya koma kamar faifai. Yashin da 'yan wasa ke watsowa daga gurbin yashi yana taruwa a bakinsa har ya yi tudu. Bishiyar da wani kwamiti ya dasa don ado, bayan shekara 40 ta tare hanyar da mai zanen ya buɗe da gangan. Ke nan “a bar shi kawai” ba ya cikin zaɓi.

Mai maido da asali bashi ne a kansa. Dole ya faɗi shekarar da yake son komawa, ya kuma kawo hujja: zanen farko, tsofaffin hotuna, ko abin da haƙa ya nuna a ƙarƙashin ƙasa. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Pinehurst No. 2 a jihar North Carolina ta Amurka, wanda Ross ya buɗe a 1907 ya kuma yi ta gyara shi har rasuwarsa a 1948. Tsakanin 2010 da 2011, masu zanen filaye Bill Coore da Ben Crenshaw sun yi amfani da hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1943, suka tuge kimanin eka 35 na doguwar ciyawar da ake ba ruwa, suka cire ɗaruruwan famfunan feshi, suka bar gefen hanya, wato shimfiɗar da ke tsakanin wurin bugun farko da girin, ya koma yashi da ciyayin daji kamar dā. A 2014 aka buga babbar gasar US Open ta maza da ta mata a kansa, mako bayan mako. Irin wannan aiki aunawarsa ba wuya: a ajiye hoton 1943 kusa da na yau a duba.

Mai sabuntawa shi kuma babu wannan bashin a kansa, sai dai ba shi da inuwar da zai fake. Filin Augusta National a Amurka, da MacKenzie da ɗan wasa Bobby Jones suka zana a farkon shekarun 1930, bai daina canzawa ba. Perry Maxwell ya matsar da girin rami na 10 a 1937. Robert Trent Jones ya sake gina rami na 16 a 1947, da tafkin da kowa ya sani yanzu. A 1999 aka ƙara layin ciyawa mai ɗan tsawo a gefen hanya, a 2002 Tom Fazio ya ƙara wa filin kusan yadi 300, a 2023 kuma aka ja wurin bugun farko na rami na 13 baya da yadi 35. Ba a auna wannan da hoton dā. Tambayar ita ce ko ramin ya fi kyau yau, kuma ko sabon ya zauna lafiya da tsohon. Na 10 da na 16 sun ci wannan jarrabawa, ban ga mai son a rushe su ba. Bishiyoyin da aka dasa aka matse hanya da su kuwa, musamman a rami na 11, ni a wurina sun faɗi, domin MacKenzie ya gina filin ne a kan faɗi, ɗan wasa ya zaɓi ɓangaren da zai tunkari girin daga can. Matse hanya ya ƙwace masa zaɓin.

Wannan ya nuna cewa zuwan gyara daga baya ba shi ne ke mai da shi ɓarna ba. Kuma “asali” kansa yana da santsi. Girin Pinehurst na yashi ne har zuwa 1935, babu mai neman a koma can. Tsohon filin St Andrews a Sikotland yana da ramuka 22 kafin 1764. Shi ya sa nake cewa duk wanda ya ce maka ya maido da asali bai faɗi shekara ba, talla yake yi.

Inda abin ya fi wuya shi ne idan gyaran bayan shi ma ya zama tarihi. Filin kudu na kulob ɗin Oakland Hills, kusa da Detroit a Amurka, zanen Ross ne na 1918. Trent Jones ya tsuke hanyoyinsa ya jera gurabun yashi dama da hagu don US Open ta 1951, wadda Ben Hogan ya lashe da bugu 67 a zagayen ƙarshe. Sunan da filin ya yi a duniya, na makon wancan gasar ne. Da Gil Hanse ya kammala aikinsa aka sake buɗewa a 2021, da manyan girin da faffaɗar hanya, an samu Ross amma an rage Trent Jones. Ina ganin an yi daidai, domin tsarin Jones tambaya ɗaya tak yake yi wa ɗan wasa, wato ka buga a miƙe ko ka sha wuya, na Ross kuwa yana tambayarka daga wane gefe za ka shigo. Amma gaskiya ita ce an zaɓi tarihi ɗaya an bar wani, kuma ya kamata kulob ya faɗi haka ƙarara.

Sai matsalar da ta haɗa ɓangarorin biyu: wasan da kansa ya canza. Ross ya fara zane lokacin da ake wasa da sanduna masu ƙotar katako. Yau matsakaicin nisan bugun farko a PGA Tour, jerin gasannin ƙwararru na Amurka, ya kai kusan yadi 300. Gurbin yashin da aka maido daidai inda yake a tsohon hoto, ƙwararre zai tsallake shi ko kallo bai yi masa ba. Haka gudun ƙwallo a kan girin: ma'aunin da hukumar golf ta Amurka, USGA, ta yi a ƙarshen shekarun 1970 ya nuna ƙwallon da aka sake daga na'urar awo tana mirgina matsakaicin ƙafa 6 da rabi, yanzu manyan gasa kan kai ninkin haka, gangaren da ya dace da wancan gudun ƙwallo ba ta tsayawa a kansa yau. Daga nan ne masu zane ke cewa ba siffar suke maidowa ba, niyyar mai zanen suke maidowa. Maganar tana da gaskiya, amma ƙofa ce da komai ke iya shigewa ta cikinta, tunda mai niyyar ba ya nan balle a tambaye shi.

Saboda haka akwai ma'auni na uku da nake ɗora wa duka biyun: idan an yi kuskure, ana iya warwarewa? St Andrews ya ba mu misali biyu a jere. Don gasar Open ta Birtaniya ta 2010 an gina sabon wurin bugun farko a rami na 17, tsawonsa ya tashi daga yadi 455 zuwa 495. An yi ƙorafi, amma tsohon wurin yana nan, duk ranar da aka rage wa ƙwallo nisa, kamar yadda hukumomin da ke tsara dokokin wasan, wato USGA da R&A suka sanar a Disambar 2023 cewa za su yi, sai a koma masa. A 2012 kuwa Martin Hawtree ya rage gangaren wani sashe na girin rami na 11 don a samu inda za a huda rami a gudun zamani, Tom Doak da wasu masu zane suka fito fili suka yi tir. Na fi ganin laifin na biyun nesa ba kusa ba. Akwai wata mafita a hannu, wato a bar ciyawar girin ta ɗan ƙara tsawo a makon gasar, amma aka zaɓi a yanki ƙasar da ta daɗe a haka tun kafin a haifi kowa a cikin waɗanda suka yanke shawarar.