Yawon buɗe ido a Ayislan: babbar bas, ƙaramar bas ko jif?

Ayislan ba ta da jirgin ƙasa na fasinja. Duk baƙon da ke son fita daga Reykjavik, babban birnin, ya ga ƙasa, ko dai ya ɗauki hayar mota ya tuƙa da kansa, ko ya bi motocin yawo masu ɗan jagora. Wanda bai taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba, kada ya fara koyo a can. Iska na iya ture mota daga titi, kuma a watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 11 na safe, kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi. To, bas ɗin za a bi. Abin tambaya shi ne wace iri, kuma zuwa ina.

Hanyar da aka fi bi ita ce Golden Circle, tafiyar kamar awa 8 zuwa da dawowa. Ana tsayawa a Thingvellir, inda aka kafa majalisar ƙasar a shekarar 930, kuma inda ƙasa ke darewa saboda farantan nahiyar Amurka ta Arewa da na Turai suna rabuwa da kusan santimita 2 a shekara. Daga nan sai Strokkur, maɓuɓɓugar ruwan zafi da ke feso ruwa sama duk bayan minti 5 zuwa 10. Za ka ga ruwan ya kumbura ya yi shuɗi, kafin ka ɗaga waya ya tashi, tururi mai warin dafaffen ƙwai ya lulluɓe waɗanda suka tsaya ta inda iska ke kaɗawa. Sai Gullfoss, inda kogi ke gangarowa mita 32 a hawa biyu.

A wannan hanya babbar bas mai ɗaukar mutum wajen 50 ta wadatar. Ita ce mafi arha, titin mai kyau ne, wuraren tsayawa kuma ɗaya ne ko da wace mota ka zo. Manyan kamfanoni irin su Reykjavik Excursions da Gray Line suna da ita. Aibinta shi ne jira: mutum ɗaya ya makara a shagon tsaraba, kowa ya zauna. Ɗan jagora kuma ta lasifika yake magana, ba lallai ka sami damar yi masa tambaya ba. Duk da haka, ni ban ga dalilin ƙara kuɗi a nan ba.

Inda ƙaramar bas, wadda ba ta kai mutum 20 ba, ke biyan kuɗinta shi ne gaɓar kudu. Tafiya ce ta kamar awa 10 zuwa garin Vik, wajen kilomita 180 daga babban birni, ana tsayawa a Seljalandsfoss da Skogafoss, kowanne ruwa na zubowa daga tsayin mita 60, sannan bakin teku mai baƙin yashi na Reynisfjara. Wuraren tsayawa da yawa, hasken rana kaɗan da hunturu, saboda haka duk mintin da aka ɓata wajen hawa da sauka asara ne. Kuma a Reynisfjara kana bukatar ɗan jagoran da idonsa ke kan mutanensa, domin igiyar ruwan wurin takan zo ba zato, ta kuma hallaka masu yawon buɗe ido. In ya ce a ja da baya, a ja.

Akwai masu tallar zuwa tafkin ƙanƙara na Jokulsarlon a yini guda. Kilomita kusan 380 ne zuwa kawai, wato yawon awa 14 ko fiye zuwa da dawowa. A watan Yuni, da dare bai cika yin duhu ba, ana iya jurewa. Da hunturu kuwa mafi yawan hanyar a duhu za ka yi ta. Gara ka biya na kwana biyu mai haɗe da masauki.

Jif mai manyan tayoyi tsada gare ta ƙwarai, kuma amfaninta sai in za ka inda bas ba ta zuwa: shiga kogon ƙanƙara a Vatnajokull, babban tulin ƙanƙarar ƙasar, da hunturu, ko tsaunukan tsakiyar ƙasa da titunansu ba sa buɗewa sai da bazara.

Fitar dare don kallon hasken arewa, wannan koren haske da ke rawa a sama, daga Satumba zuwa Afrilu ake yinta, kuma babu mai ba ka tabbacin gani. Gajimare na iya rufe komai. Kamfanoni da yawa suna sake ɗaukar mutum kyauta in ba a gani ba, don haka ka yi rajista a darenka na farko, ka kuma karanta wannan sharaɗi kafin ka biya. Ƙaramar mota ta fi sauƙin sauya hanya ta bi inda sama ta washe.

Wasu abubuwan ba za ka gan su a takardar talla ba. Da hunturu Azahar da La'asar da Magariba suna zuwa kusa da kusa, duk kana kan hanya, bas kuma ba ta daɗewa a tsaye. Ka fito da alwala, ka tambayi malaminka hukuncin kasaru da haɗa salla tun kana gida. Abincin rana galibi ba ya cikin kuɗin tikiti, kuma tsiran burodin nan da ake kira pylsa, da za ka gani a gidajen mai, akwai naman alade a ciki. Kifi ya fi kwanciyar hankali, ko ka riƙo guzurinka. Rigar sanyin da ta fitar da kai a Jos ba za ta yi ba, sai wadda ruwa da iska ba sa ratsawa, da takalmi mai kama ƙasa.

Sannan ka duba wurin ɗauka da kyau. An hana motocin yawo shiga wasu titunan tsakiyar Reykjavik, saboda haka ba ƙofar otal za a zo maka ba, tasha mai lamba za a ba ka. Ka je da wuri da katin banki a aljihu, don hatta banɗaki a wasu wuraren tsayawa biya ake yi.