Mama, Na Ga Inda Kuɗin Mishan Ke Fitowa

Mama, gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar, ta yi sauƙi? Yaya sanyin Jos bana? A gaishe mini da Baba da su Yaya da yara, da dukan matan zumunta, kowa da sunanta.

Saƙon muryarki na ranar Lahadi ya iso. Na ji abin da matan suka ce, wai tunda Allah ya kawo ni Danmak, ƙasar mutanen da suka kai mana bishara, in duba ko akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa a samo wa masu bisharar ƙauye taimako. Ban amsa nan take ba don maganar ta fi ƙarfin saƙon murya. Yau ba ni da aiki, shi ya sa na zauna in rubuto miki, ki karanta musu in kun haɗu.

Bari in fara da kasuwa, don daga can na gane bakin zaren. Mutanen nan dankalin turawa suke ci kamar mutanen Bokkos. Kabeji, karas, koren wake, duk abin da kike gani a Farin Gada akwai shi a nan Aarhus, sai dai a wanke, a ƙulle cikin leda, kuma ba tayi ba ragi, ba gyara. Ruwan famfo ake sha kai tsaye. Tun zuwana ban ga an ɗauke wuta ba. Ɗumin ɗaki ta bututun ruwan zafi yake zuwa, ba gawayi ba kasko. In jikina ba daɗi, katina mai ruwan ɗorawa kawai nake nuna wa likita, ba na biyan ko sisi, ko da kwanciya asibiti ce; wajen likitan haƙori ne baligi ke biya da aljihunsa. Amma ba kyauta ba ne, Mama. Wajen kashi ɗaya cikin uku na albashina haraji ke ɗauka tun kafin in gan shi, sannan kowane kaya na saya, har burodi, akwai harajin kashi 25 cikin ɗari a kansa. Doya kuwa sai na je Bazar Vest, kasuwar baƙi, kuma guda ɗaya sai in tsaya in yi shawara da zuciyata kafin in ɗauka.

Abin da ya fi komai tsada a ƙasar nan hannun mutum ne. Zif ɗin rigar sanyina ya lalace, na kai wa tela, kuɗin da ya faɗa ya zarce abin da na sayi rigar gaba ɗaya. Kitso, aski, gyaran takalmi, gyaran keke, duk haka. A gida hannu araha ne, kaya ke da tsada. A nan kaya sun yi wa mutane yawa har suna neman inda za su kai su, amma awa ɗaya ta aikin mutum ba ƙaramin kuɗi ba ce. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ita wannan rigar, a shagon gwanjo na saye ta. Su suna ce masa genbrug, wato sake amfani. Kada ki kawo Katako a ranki, inda ake fasa dila mutane su yi caa a kai. Wannan shago ne mai tsabta, riguna a rataye bisa girma, kofuna da farantai a jere, fitilu, kujeru, kayan wasan yara, kowanne da ɗan farashinsa a manne. Sau uku ina shiga ban ɗaga kai na karanta allon ba. Ran na huɗu na ga an rubuta Mission Afrika.

A bayan kanta akwai wata tsohuwa, gashinta fari fat, ta girme ki nesa ba kusa ba. Tana goge ƙananan kofunan shayi ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga kowanne ta haska a fitila ko ya tsage, sannan ta manna masa kurona biyar, kuɗin ƙasar nan. Yatsunta sun kumbura da ciwon gaɓoɓi, takardar farashin ma sai ta yi sau biyu kafin ta ɓamɓaro ta. Ta tambaye ni daga ina, na ce Nijeriya. Ta ajiye kofin, ta dube ni, ta ce, "Sannu." Da Hausa, Mama! Sai ta ce, Numan? Na ce can ne asalin su Baba, amma a Jos aka haife ni. Ba ta taɓa taka ƙasarmu ba. Mahaifiyarta ce ke cikin ƙungiyar matan ƙauyensu masu haɗuwa a ɗakin ɗaya daga cikinsu, su yi addu'a, su yi saƙa, su karanta wasiƙun 'yan mishan, su jefa 'yan kuɗi a gwangwani. Tun tana yarinya take jin Numan da Binuwai. Kwana biyu a mako take zuwa shagon, ba a biyanta, haka sauran da ke aiki a wurin. Na fito riƙe da kofi biyu da ban yi niyyar saya ba, na tsaya a bakin titi hawaye na zuba.

Mun taso muna cewa kuɗin mishan, kuɗin Turawa, kamar wata rijiya ce da ba ta ƙafewa, ko wani attajiri ne ke zaune yana sa hannu a takarda. Ashe kofin kurona biyar ne. Ƙungiyar nan ta Mission Afrika ita ce aka kafa a 1911 a matsayin reshen Danmak na Sudan United Mission, daga baya ta canja suna. Ita ta aiki Dokta Niels Brønnum, wanda ya isa Numan a 1913 bayan matarsa ta rasu a hanya. Daga nan aka samu asibiti, makarantu, da ekklesiyarmu ta Lutheran, wato LCCN. Rediyon Muryar Bishara da Baba ke ba mu labari, wadda ake ɗaukar shirye-shiryenta na Hausa a Jos a aika Addis Ababa a watsa, tun daga 1963 har sojojin Habasha suka ƙwace tashar a 1977, ita ma da hannun irin waɗannan matan a ciki.

To, ki bar ni in bayyana yadda kuɗin ekklesiya ke tafiya a nan, don ni ma da farko na ruɗe. Ekklesiyar Lutheran ita ce ekklesiyar ƙasa, wajen mutum bakwai cikin goma membobinta ne. Kowane memba ana cire masa harajin ekklesiya tare da sauran haraji, kusan kashi ɗaya cikin ɗari na abin da yake samu, gwargwadon ƙaramar hukumar da yake. Wanda ya fita daga ekklesiya sai a daina cire masa. Da wannan ake gyara gine-gine, a kula da maƙabarta, a biya mai kiɗa da sauran ma'aikata, gwamnati kuma tana ɗaukar wani kaso na albashin fastoci. Kowace majami'a tana da majalisarta da ake zaɓa duk shekara huɗu, ita ke riƙe da kasafi. Saboda haka fasto ba ya tsayawa ran Lahadi yana roƙon kuɗin kwano. Ba a ma zagayawa da faranti a inda nake sujada. Akwai akwati a bakin ƙofa, da lambar MobilePay a jikin takardar sujada, mai so ya tura ta waya.

Amma aikin bishara a ƙasashen waje ba a kan wannan harajin ya dogara ba. Ƙungiyoyi ne masu zaman kansu, irin su Mission Afrika da Danmission, su ke nemo kuɗinsu: ribar shagunan gwanjo, baikon wasu Lahadi da aka ware, gadon da mutum ya yi wasiyya da shi, da masu ba banki umarni ya riƙa cire wani abu kowane wata. Gwamnati na taimakawa ta gefe. Shagon da aka ba shi kaya kyauta, ma'aikatansa kuma 'yan sa kai ne, ana iya yafe masa harajin nan na kashi 25. Wanda ya ba da gudummawa kuma ana rage masa haraji har zuwa wata iyaka. Ƙungiyar agajin ekklesiya, wadda aka fi sani da DanChurchAid, ita ta buɗe shagon gwanjonta na farko a nan Aarhus a 1972, kuma duk shekara a watan Maris sai ki ga yara da manya da gwangwani suna bin gida gida.

Yanzu ki tuna abin da na ce ki riƙe. A ƙasar da awa ɗaya ta tela ta fi riga tsada, tsohuwar nan tana ba da kwana biyu kowane mako. Baikonta ke nan, kuma ya fi abin da da yawa ke jefawa a akwati.

Kada ki ɗauka sun fi mu bayarwa. Ban yarda ba. Ranar godiyar kaka a majami'armu, da buhunan masara da dankali da kaji da akuya a gaban bagadi, mata na rawa da tulu da kacau-kacau, gwauruwa ta kunce bakin zani ta ba da abin da ya rage mata, wannan ban gan shi a nan ba, kuma kewarsa na damuna ƙwarai. Wata Lahadin mu talatin ne a ginin da zai ɗauki ɗari biyar. Abin da suka fi mu abu biyu ne: ɗorewa da lissafi. Kaɗan kaɗan suke bayarwa amma ba fashi, kuma duk shekara ana buga rahoton abin da ya shigo da inda ya tafi, kowa ya karanta.

Kin tuna mai bisharar nan da ya sauka a gidanmu ina aji biyar? Ya cire takalminsa a bakin ƙofa, tafin ya rabu, an ɗaure da waya. Kika zuba masa gwate ya sha kwano biyu shiru, sai daga baya ya gaya wa Baba wata huɗu ba a ba shi komai ba, matarsa ke sayar da itace suna ci. A shekarar kuma an yi gagarumin taron neman gudummawar babur dominsa, an kira manyan baƙi, an yi alkawura ta lasifika ana tafi. Har na bar gida ban ji an karanta nawa aka tara ba, shi kuwa da ƙafa ya ci gaba da zagaya ƙauyukansa. Ba na zargin kowa da ci. Alkawarin taro ne, ana watsewa ya bi iska, kuma ba wanda aka ɗora wa bibiya. Har yau abin na ci mini rai.

Game da ƙwanƙwasa ƙofa, gaskiyar da zan faɗa miki ita ce ƙungiyoyin nan da uwar ekklesiya suke hulɗa, ba da majami'a ɗaya ko zumunta ɗaya ba. In za ku rubuta, ta hannun shugabanni za ta bi har hedkwata a Numan. Ku rubuta, ba laifi. Amma masu goge kofunan nan tsufa suke yi, kuma ban ga matasa da yawa a bayansu ba. Mu kuwa mun haura miliyan biyu, alhali Danmak ɗungurungum wajen miliyan shida ce. A 2017, a Windhoek ta ƙasar Namibiya, Akbishop ɗinmu Musa Panti Filibus aka zaɓa shugaban Tarayyar Lutheran ta Duniya, ya riƙe har 2023 da Bishop Henrik Stubkjær na nan Viborg ya gaje shi. Ɗan da ya zauna kan kujerar shugabanci bai kamata a ce mai bishararsa na jiran kofin tsohuwa kafin ya sa takalmi ba.

Shagon gwanjo irin nasu ba zai yi a Jos ba. Mu riga daga yaya take zuwa ƙane, daga ƙane ta zama tsumma. Abin da muke da shi a yalwace shi ne hannu. Cikinku akwai masu masa, masu awara, masu kunun zaƙi, masu sabulu, masu saƙa hula da suwaita da ake rububinsu da hunturu. Ga filin nan na bayan majami'a da ciyawa ta cinye, zai yi dankali. Shawarata, ku zaɓi mai bishara ɗaya tak, ku yanke abin da za ku iya ba shi kowane wata ko da kaɗan ne, ya riƙa shiga asusunsa a rana ɗaya ba fashi. A sayi littafi mai kauri, mata biyu su riƙa sa hannu, a karanta shi da ƙarfi a taron farko na kowane wata, abin da ya shigo da abin da ya fita. Shi kuma duk wata uku ya zo ko ya aiko da labarin aikinsa, ku san sunayen ƙauyukan da kuke yi wa addu'a.

Ni zan sa nawa kowane ƙarshen wata, ki rubuta sunana a littafin kamar kowace mace, kada a yi mini wata sanarwa. In kun amince, ki turo mini lambar asusun zumunta, ba ta wani mutum ba.

Akwai mai zuwa gida kafin Kirsimeti, na ba ta jaka ɗaya. Babbar rigar sanyin mai ruwan toka ta Baba ce, daga shagon nan na saya, tsohuwar ce ta naɗe ta da hannunta ta ce a gaishe shi. Kofunan biyu naki ne. In za ta dawo ki aiko mini da acha, da daddawa, da kuka, da ɗan yajin nan naki. Ki kuma ɗauki hoton matan zumunta cikin anko, na yi wa tsohuwar alkawari zan kai mata ranar Talata in ya iso.

Taki,
Autarki