Garejin da ya gano ciwon Hilux ɗina, da man gas ɗina da bai dawo ba

Wata biyu cur na yi ina fama da motar nan kafin na kai ta wurin masu sa wa mota kwamfuta. Hilux ce ta 2012, mai injin 2KD, da ita nake zirga-zirga tsakanin Kano da gonar shinkafata a wajen Auyo. Da safe mukulli ɗaya take tashi, a silo kuma lafiya ƙalau, ba jijjiga ba hayaƙi. Amma da zarar ka hau titi ka taka totur da ƙarfi, sai ta ɗauke kamar an shaƙe mata wuya, ta yi daƙiƙa biyu ko uku a haka, sannan ta fizga. In akwai lodin taki a baya abin ya fi muni. Ranar da hankalina ya tashi, na fito zan wuce tirela a gaban Gezawa, ta yi mini wannan halin ga bas tana tahowa. Allah ne kawai ya tsare.

Makanikena na da ya canza filtar mai, ba ta daina ba. Ya canza bawul ɗin nan na jikin famfon mai da suke kira SCV, mai daidaita yawan man da ke shiga famfon, ta yi kwana uku kamar ta warke, ta koma gidan jiya. Daga nan ya ce sai dai a canza injekta huɗun gaba ɗaya, wato masu fesa mai cikin inji. Kowa ya san kuɗin injekta huɗu a Ƙofar Ruwa yanzu, ko da na Beljiyam ne. Maƙwabcina a gona shi ya ce in dakata, in fara zuwa wani gareji a wajen titin Haɗeja.

Gaskiya da na ga mai garejin raina shi na yi, don bai wuce sa'an ɗana na biyu ba. Ya jona kwamfutarsa a ƙarƙashin sitiyari, lamba ta fito, P0087, wato ƙarfin man da ke cikin bututun da ke raba wa injektoci mai ya yi ƙasa. Na ce to, ga shi nan, me za mu saya? Sai ya ce, "Alhaji, lambar nan ta faɗi inda ke ciwo ne, ba ta faɗi abin da ya kawo ciwon ba. Ka ba ni awa ɗaya, kada ka sayi komai tukuna." Ya nuna mini lissafin da ke nuna lafiyar injektocin a silo, babu wadda ta haura ɗaya da rabi, ya ce sai sun haura uku ake fara zarginsu. A nan na fara sakin jiki da shi.

Sai ya ce mu hau titi. Ni ke tuƙi, shi yana gefe da kwamfuta a cinya, ya fito da layi biyu a fuskarta: ɗaya ƙarfin man da ƙwaƙwalwar motar ke nema, ɗaya kuma wanda famfo ke bayarwa a zahiri. A silo duka biyun suna wajen 30 MPa (ma'aunin ƙarfin man ke nan), manne da juna. Ya ce in sa giya huɗu in taka har ƙasa. Ina takawa layin farko ya haura sama da 100, na biyun ya bi shi kaɗan sai ya zame ya yo ƙasa, daidai lokacin da motar ta shaƙe. Sau uku muna yi, sau uku haka. Ya ce in tsaya a gefe kada in kashe, ya buɗe bonet ya kama yatsana ya ɗora a kan maɓallin famfon hannu da ke saman filta. Maɓallin ya lotsa ciki, kamar wani na tsotsarsa daga ƙasa. Ya ce, "Ka ji ko, Alhaji? Famfonka lafiyarsa lau, nema yake bai samu ba."

Bayaninsa ya zauna mini. Irin wannan motar ba ta da famfon lantarki a cikin tanki, famfon da ke jikin inji shi ke zuƙo mai tun daga baya. A silo ɗan kaɗan yake buƙata, ko hanya ta toshe zai samu. Sai an taka totur buƙata ta ƙaru toshewar ke bayyana. Don ya tabbatar mini, ya sa yaronsa ya kawo jarka da man gas mai tsabta da tiyo fari mai nuna ciki, ya cire tiyon da ke zuwa daga tanki, ya jona filta kai tsaye da jarkar, suka ɗaure ta tam. Muka sake hawa titin. Wallahi motar nan ta tafi kamar ranar da na saye ta, layukan biyu suna tafe tare har sama. Ban san sanda na ce Allah ya yi maka albarka ba.

Da aka sauke tanki na ga abin da ya sa ni yin shiru. Ƴar ragar da ke bakin bututun zuƙo mai ta like da wani baƙin abu mai yauƙi kamar kwalta, ga tsatsa, ga ruwa kwance a ƙasan tankin. Ya ce idan ruwa ya daɗe a ƙarƙashin man gas, ƙwayoyin cuta kan hayayyafa a tsakaninsu su haifar da wannan yauƙin. Na san inda na kwaso shi: man jarka da nake saya a bakin hanya lokacin girbi idan gidan mai ya yi nisa.

To amma a nan ne kuma raina ya ɓaci, kuma har yanzu in na tuna sai ya sosu. Na shigo garejin da mai sama da rabin tanki, don da safen na sha. Suka juye shi a jarkoki biyu suka ajiye a gefe, aka ce za a bar shi ya kwanta a tace a mayar mini da na saman. Aka ce in dawo la'asar, na dawo, ba a ɗaura tanki ba. Aka ce bayan magariba, sai washegari da azahar na karɓi mota. Da na tambayi maina, yaran suka fara kallon juna, ɗaya ya ce ai duk ya lalace an zubar. A ina aka zubar? Shiru. Jarkokin kuwa ba su a inda na gan su. Da tsadar man gas a yau, wannan ba abin da mutum zai kau da kai ba ne. Ga shi kuma an caje ni kuɗin kwamfuta sau biyu, wai na farko na bincike ne, na biyu na goge lamba. Kujerar baya ma sai da ta yi mako tana warin gas, don a kanta suka ajiye tiyo.

Shi mai garejin ba ya nan lokacin. Na kira shi a waya, ya ba ni haƙuri, ya mayar mini da kuɗin kwamfuta na biyun ta banki a daren, ya ce batun mai zai bincika. Yau kwana goma sha tara ke nan ban ji daga gare shi ba.

Motar dai na je Auyo da ita sau huɗu tun daga lokacin, biyu da lodin taki, har cikin laka na sa ta a giyar taimako, ko sau ɗaya ba ta shaƙe ba. Mai Hilux ko Land Cruiser da aka ce wa ya canza injekta, ina ba shi shawara ya fara zuwa a hau titi da shi da kwamfuta, a gwada masa jarkar nan. Ni ma zan koma idan ta kama, sai dai da jarkokina zan je, kuma ba zan matsa daga wurin ba sai an sa mini su a bayan mota.