Gargaɗi: mai allurar gyaran fuska ta karɓe min dubu 180, ta bar ni da ido a rufe

Salamu alaikum 'yan uwa mata. Yau sati uku ke nan ina haɗiye maganar nan saboda kunya, amma wallahi na kasa. Naira dubu 180 na tura wa wata mata a nan Kano don ta yi min allurar Botox, mai rage tamoji, a goshi, ga shi yanzu fatar idona ta hagu ta sauko ta rufe rabin idon. Dubu 180, rabin kuɗin adashina.

Kafin wata ta ce wauta ce, ku saurara. Ni ba yarinya ba ce, shekarata 46, kuma na daɗe ina aikin ofis. Ban faɗa da ka ba. Wata biyu ina bin shafinta a Instagram, na karanta abin da mutane ke rubutawa, na ga hotunan kafin da bayan allura, har sunan Dakta ta saka a gaban sunanta. Bikin 'yar yayata ne ya matso, ni kuma tamojin nan na tsakanin gira ya daɗe yana damuna, kowa sai ya ce min fushi nake yi.

Abin da ke ta dawo min a rai shi ne lokacin da na zauna a kujerar. Ta sa farar riga da safar hannu, ta ɗage ɗankwalinta ta ce, "Anti, dubi goshina, ni ma ita nake yi. Da 'yar uwata ce ke, haka zan yi mata." Sai ta zuge jakar hannunta ta ciro 'yar kwalba. Daga jaka, a zafin nan namu, ɗakin ko fanka ba ya juyawa. Na gani da idona. Zuciyata ta ɗan tsaya, amma kalmar nan ta "'yar uwata" ta kashe min baki. Kullum da dare sai na sake ganin zip ɗin jakar nan yana buɗewa.

Kuɗin ma na riga na tura tun kafin ranar. Da farko dubu 250 ta ce, wai ta yi min ragi zuwa 180 in na biya a daren. A'a, dubu 100 na fara turawa, cikon 80 ina zaune a wurin na tura, kuma asusun ba sunan da ke shafinta ba ne, ta ce na ƙanwarta ne. Babu rasit. Duk ina da alat ɗin, zan ɗora su.

Kwana biyar ko shida bayan nan na tashi sallar asuba na ji idon ya yi nauyi. Da rana na duba madubi, fatar ta sauko. Na kira ta, ta ce in ɗora ƙanƙara. Washegari ta ce ai jinina ne ya hau. Daga baya ta ce in kawo dubu 40 ta yi min wata allurar da za ta warware ta farkon. Ranar kamu na sha tabarau baƙi a cikin ɗaki, Yaya tana ta tambaya ko ciwon ido nake yi. Maigida kuwa sai da ya gani da kansa, don ban gaya masa zan je ba, wannan ma ya fi komai ci min rai.

Likitan ido na je wurinsa a ƙarshe, shi ya buɗe min kai. Ya ce maganin sanyaya tsoka yake yi, in an yi shi ƙasa da inda ya kamata ko ya yaɗu, sai ya taɓa tsokar da ke ɗaga fatar ido. Babu allurar da ke warware Botox, sai dai a jira ƙarfinsa ya ragu, makonni ko ma wata biyu zuwa uku. Wadda ake iya narkarwa ita ce filla, irin ta ciko leɓe da kumatu, ita kuma wata aba ce daban. Ashe dubu 40 ɗin ma wata damfarar ce a kan ta farko. Ya rubuta min maganin ɗigawa da ke ɗan ɗaga fatar, ya kuma ce Botox na gaske a firji ake ajiye shi. Sai ya tambaye ni sunan maganin da lambar kwalbar. Na yi shiru. Ban san abin da aka zuba min a fuska ba, har yau ban sani ba.

Tun kafin in je asibitin ma ta toshe lambata. Shagon na koma sau biyu, a kulle, mai gadi ya ce hayar wata ɗaya dama ta kama. Shafin yana nan, ta canza suna kawai, jiya ma na ga ta saka ragin kuɗi na amare.

Kada ku bari kowa ya soka muku allura a fuska in ba likita mai rajista da MDCN ba, wato hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya. Ku ga kwalbar da lambar NAFDAC kafin a buɗe. In matsala ta taso ku tafi wurin likitan ido ko na fata, ba wurin mai allurar ba. In kuwa haɗiya ko numfashi ya fara wuya, ko kina ganin abu biyu-biyu, asibiti a take.

Hirarmu ta WhatsApp da muryar da ta ce min 'yar uwarta duk suna wayata, ɗana zai taya ni rufe lambobi in ɗora su da dare. Dubu 180, ban da kuɗin asibiti, kuma har yanzu da yatsa nake ɗaga idon in zan karanta saƙo.