Firizar sola bayan shekara guda a kantin kayan sanyi: abin da ta iya da abin da ta kasa

Firizar da zan yi magana a kanta mai buɗewa ta sama ce, ƙirar ƙasar Sin, mai cin lita 200, kuma injinta yana aiki kai tsaye da wutar batir mai bolt 24 ba tare da an bi ta inbata ba. Na saye ta a farkon shekarar 2024 daga wani shagon kayan sola a nan Garwa, haɗe da faifan sola biyu masu wat 300 kowanne, da batirin litiyom mai amfiya 100, da na'urar daidaita caji, kuma jimillar kuɗin har da ladan haɗawa ta doshi sefa miliyan ɗaya, wanda kwasar adashi ta biya mafi yawansa, sauran kuma na biya da kaɗan-kaɗan. Sana'ata sayar da kayan sanyi ce, wato ruwan leda da lemon kwalba da kindirmo, sai kuma zoɓo da kunun aya da lemon citta waɗanda uwargidana take haɗawa a gida. Tun da firizar ta ga bazara, ta ga damina, ga shi kuma tana cikin hunturu, ina ganin ta nuna halinta yadda mutum zai iya faɗin gaskiya a kanta.

Duk wanda yake sana'a irin tawa a arewacin Kamaru ya san abin da ke tura mutum ga sola. Jihohin Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa sun daɗe suna dogaro da madatsar ruwan Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda aka gina tsakanin 1977 da 1982 da ƙarfin megawat 72, a lokacin da garuruwanmu ba su kai girman da suke da shi yau ba, kuma duk shekarar da ruwa ya ja baya a tafkin sai wutar ta ragu daidai lokacin da zafi ya fi tsananta. Tashoshin sola da aka buɗe a Marwa da Gider a 2023, masu megawat 15 kowacce, sun kawo sauƙi, wannan ba abin musu ba ne, amma mai sayar da kunun aya ba ya buƙatar ɗaukewar wuta ta kwana biyu kafin ya yi asara, domin rabin yini kawai ya isa kunun ya yi tsami a zubar. Abin da muke jingina da shi a da shi ne janareta, sai kuɗin mai ya kore mu. Litar fetur da ake sayarwa sefa 630 ta koma 730 a Fabrairun 2023, sannan ta koma 840 a Fabrairun 2024, kuma man zuwa-zuwa da ake shigowa da shi daga Najeriya, wanda shi ne rufin asirin talaka, ya daina araha tun da aka cire tallafin mai a can a ƙarshen Mayun 2023. Idan ƙaramin janareta ya sha lita uku ko huɗu a dare ɗaya, ribar yinin nan ta tafi a hayaƙi.

Inda firizar ta fi nuna amfaninta shi ne watan azumi, wanda a 2024 ya faɗo daga wajen tsakiyar Maris zuwa farkon Afrilu, lokacin da zafin Garwa yake haura digiri 40. Rana a wannan lokaci tana fitowa ba tare da gajimare ba, saboda haka batirin yakan cika kafin azahar, daga nan kuma injin ya ci gaba da aiki da wutar da faifan ke bayarwa kai tsaye har la'asar sakaliya. Kayan da aka jera da hantsi sukan yi sanyi sosai kafin a fara layin sayen abin buɗe baki, kuma ko da wutar gari ta ɗauke tun safe, ban taɓa cewa mai saye ya yi haƙuri ba. Wannan shi ne babban abin da na samu a shekarar, kuma a ganina ya fi kuɗin man da na daina kashewa daraja. Mutumin da ya aiko yaro da yamma ya samu zoɓo mai sanyi yau, ya samu gobe, ya samu jibi, ba ya ƙara tambayar ko akwai sanyi, aikowa kawai yake yi. Gidaje da dama da suka fara saye a wurina cikin azumi sun zarce har bayan salla, kuma uwargida ta samu ƙarfin zuciyar ƙara yawan kunun da take damawa saboda ta daina tsoron zubarwa.

Amma a wannan watan ne kuma na ga iyakarta, kuma a nan nake so mai niyyar saye ya natsu. Firizar nan ba ta sana'ar ƙanƙara ba ce. Masu shago sukan ce tana yin ƙanƙara, kuma ba ƙarya suka yi ba, tana yi, sai dai yawan da take yi a yini bai kai abin da za a kafa ciniki a kansa ba. Dalilin yana cikin halin ruwa ne, ba cikin ƙirar injin ba: ƙarfin da ake buƙata a mayar da lita ɗaya ta ruwa ƙanƙara, bayan ya riga ya sauka zuwa digiri sifili, ya ninka fiye da sau biyu ƙarfin da aka kashe wajen sauko da shi daga digiri 30 zuwa sifilin. Ƙaramin injin da aka ƙera domin ya yi tattalin batir ba zai iya wannan aiki a kan ledoji masu yawa cikin dare ɗaya ba, musamman idan ana buɗe murfin kowane lokaci ana ɗaukar kaya. Wanda yake son ya sayar da ƙanƙara a azumi, lokacin da take tsada kamar zinariya, yana buƙatar babbar firiza da faya-fayai masu yawa, kuma kuɗin wannan wani lissafi ne dabam. Dabarar da ta yi mini aiki ita ce jera manyan gorunan ruwa a ƙasan firizar a bar su su daskare ba a taɓa su, domin su ne suke riƙe sanyin da dare, su rage wa batirin wahala.

Damina ta zo da nata gwajin. A watan Agusta, idan hadari ya rufe sama kwana biyu ko uku a jere, batirin ba ya cika, kuma na'urar takan kashe injin da kanta kafin asuba domin kada batirin ya zube gaba ɗaya. Kayan ba su lalace ba, saboda jikin firizar yana da kauri kuma gorunan nan suna taimakawa, amma sanyin yakan ragu har mai saye ya lura. Abin da ya sassauta lamarin shi ne ciniki ma yakan ja baya a wannan lokaci. Duk da haka ina ganin faifai biyu sun yi kaɗan ga mai buɗe firiza yini guda, kuma ya kamata masu shagon su riƙa faɗin haka tun a ranar ciniki maimakon su rage kayan domin farashin ya yi daɗin ji.

Game da haɗawa, yabo ya tabbata ga ma'aikacin da shagon ya turo, saurayi ne mai natsuwa wanda ya san aikinsa. Ya fuskantar da faya-fayan kudu da ɗan karkata kaɗan, tun da Garwa tana arewa da layin da ya raba duniya biyu da kusan digiri tara, kuma ya ƙi yarda a kwantar da su a jikin kwano, ya ɗaga su a kan ƙarfe domin iska ta riƙa ratsawa ta ƙasa. Da na tambayi dalili sai ya ce, “Alhaji, faifan nan haske yake so, ba zafi ba. In ya yi zafi da yawa wutarsa raguwa take yi.” Maganarsa gaskiya ce, domin ƙarfin da ake rubutawa a bayan faifai an auna shi ne a digiri 25, alhali a kan rufin kwano cikin bazara faifan yakan haura digiri 60, abin da ke rage fiye da kashi ɗaya cikin goma na wutarsa. Shi ne kuma ya nace a kan batirin litiyom duk da tsadarsa, saboda batirin dalma ba ya son a zuƙe fiye da rabinsa, kuma zafi irin namu yana gajarta masa kwana ƙwarai. Na ga maƙwabta a kasuwa da suka sayi na dalma domin araha suna neman canji tun shekara ba ta cika ba. Abin da ya rage wa mai kaya shi ne shara. Tun da hazo ya sauka a watan Disamba, ƙura takan lulluɓe faya-fayan cikin 'yan kwanaki, kuma idan ba a hau an goge da tsumma mai laushi da sassafe ba, ana ganin bambancin a allon na'urar caji tun kafin azahar.

Shi kansa shagon, hidimarsa ta kasu biyu. Kafin a biya kuɗi da kuma makonnin farko, ana ɗaukar waya da wuri, ana zuwa dubawa. Bayan nan sai abin ya yi sanyi. Robar bakin murfin ta fara saki wajen ƙarshen damina, abin da ke sa raɓa ta taru ta daskare a gefe kuma injin ya riƙa aiki ba hutawa, amma da na je neman sabuwa sai aka ce sai an aiko daga Duwala, aka yi ta sa mini rana har na gaji na kai wa mai gyaran firji na unguwa ya yi mata dabara. Kwandon ƙarfen da ke ciki ya yi tsatsa da wuri, makullin murfin kuma na ado ne kawai. Takardar garantin da suka ba ni ta ambaci firizar da faya-fayan, ba ta ambaci batirin ba, alhali shi ne ya fi komai tsada a cikin kayan. Sai da na koma na matsa kafin aka rubuta shi da hannu aka buga hatimi. Akwai kuma batun farashi. Dokar kasafin kuɗin 2024 ta yafe kuɗin kwastan a kan kayan samar da wutar sola na tsawon watanni 24, amma ni dai ban ga alamar wannan sauƙi a takardar cinikina ba, kuma da na yi maganar sai aka kawo mini zancen kuɗin mota daga Duwala zuwa Ngaundere zuwa nan.

A gida kuwa firizar ta canza abubuwan da ban sa su cikin lissafi ba. Na daina tashi tsakar dare ina jan igiyar janareta, maƙwabta sun huta da ƙara da hayaƙi, kuma yaran da nake aika neman mai bayan isha'i yanzu suna zaune da littattafansu a ƙarƙashin ƙwan da muka ja daga batirin. Sai dai mai firizar da ba ta mutuwa ya zama ma'ajin unguwa, ko ya so ko bai so ba. Da babbar salla a watan Yuni, ƙullin naman layya ya riƙa shigowa daga gidajen da ba zan iya ce wa a'a ba, har sai da lemon sayarwa ya rasa wurin zama, kuma nama mai ɗumi yana jan wuta fiye da komai. Uwargida ce ta raba gardamar, ta ce, “Maigida, a ware musu kwando ɗaya, in ya cika ya cika, kowa ya gani da idonsa.” Haka aka yi, kuma ba wanda ya yi fushi. Abu ɗaya da na ƙi karɓa shi ne allurar insulin da wani dattijo mai ciwon sukari ya kawo ajiya, domin wannan magani sanyi yake so tsakanin digiri 2 da 8, idan ya daskare kuwa ya lalace ko da ya narke daga baya. Na ce masa, “Baba, wannan firizar za ta ɓata maka shi,” na raka shi wurin mai kemis da ke da ƙaramin firji. Na kawo wannan ne saboda na san akwai masu firiza da yawa da suke karɓar irin wannan ajiya da kyakkyawar niyya.

Idan aka zo ga kuɗi, firizar ba ta mayar da abin da aka kashe mata ba tukuna, kuma duk mai shagon da ya ce za ta yi haka cikin shekara ɗaya yana lissafi ne kamar kowane wata Afrilu ne. Cinikin kayan sanyi a Garwa na wata huɗu ne zuwa biyar masu ƙarfi, daga Fabrairu zuwa farkon damina, sai ɗan tashi a watan Oktoba idan ruwa ya ɗauke zafi ya dawo. A hunturu kuwa mutane shayi da kunu mai zafi suke nema, firizar tana cike da wuta amma babu mai saye. A lissafin littafina, abin da na tsira da shi na mai da na kayan da a da ake zubarwa, haɗe da ƙarin cinikin azumi, ya kusa rabin kuɗin. Idan batirin ya yi shekarun da ake faɗa a kan irinsa, cinikin ya yi kyau, idan kuwa ya gaza da wuri, to takardar nan mai hatimi ce za ta yi magana.

Ga mai sayar da zoɓo da kindirmo da ruwan leda, ko mai ajiye kifin Lagdo na kwana ɗaya ko biyu kafin ya sayar, ina ba da shawarar wannan firiza, da sharaɗin ya ƙara faifai na uku tun farko, ya ga sunan batirin a takardar garanti kafin ya miƙa kuɗi, kuma ya tambayi shagon ko suna da robar murfi da na'urar caji a ajiye a nan Garwa. Mai niyyar ƙanƙara ya nemi wani abu dabam. Ni kaina, a lokacin da na yi wannan rubutu kafin azumin 2025, faifai na ukun nake shirin ɗorawa a watan Fabrairu, tun da azumin shekarar zai kama ne a farkon Maris, kuma wurin saurayin da ya haɗa mini zan koma kai tsaye, ba ta hannun shagon ba.