Visa, Mastercard ko American Express: amsa ga ɗan'uwanmu da ke New York

Ɗan'uwa, ka ce wata takwas ke nan da saukarka New York, kana son katin bashi mai tukuici, irin wanda ke mayar maka da wani kaso na abin da ka kashe, kuma ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin Visa, Mastercard da American Express.

Visa da Mastercard ba sa ba kowa kati. Su hanya ce kawai da kuɗi ke bi tsakanin shago da banki. Bankin da ya buga katin, Chase ne ko Citi ko Capital One, shi ke cewa e ko a'a, shi kuma ke yanka tukuicin. Don haka kafin zancen tambari, sai an duba sunanka a wurin masu ajiye tarihin bashi: Equifax, Experian da TransUnion. Daga wannan tarihin ake fitar da makin FICO, wato makin da banki ke dubawa ya ga yadda kake riƙon bashi, daga 300 yake zuwa 850. Biya a kan lokaci shi ne kashi 35 cikin ɗari na makin, yawan bashin da ke wuyanka kashi 30. Katunan tukuici masu kyau galibi sai mai 670 zuwa sama. Idan ba ka taɓa cin bashi a Amurka ba, ba ka ma da maki tukuna, domin sai asusu ya yi wata shida ake fitar da shi.

Nan ne nake roƙonka ka yi haƙuri. Kada ka bi bankuna kana cike takarda ɗaya bayan ɗaya, domin kowace nema tana barin tabo na shekara 2 a tarihinka. Fara da katin jingina: ka ajiye kamar dala 200, su ba ka kati na daidai wannan kuɗin, ka riƙa sayen ɗan cefane kana biya duk wata. In an shekara, ƙofofi za su buɗe.

To, ga su kafaɗa da kafaɗa. Visa da Mastercard Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Kusan duk inda aka karɓi ɗaya ana karɓar ɗayan. Bambancin da za ka ji a jika shi ne Costco, wani kamfani mai manyan kantuna, wanda a shagunansa na Amurka katin bashin Visa kaɗai yake karɓa. Wajen tukuici ma kunnen doki ne: Citi Double Cash na Mastercard ne, Wells Fargo Active Cash na Visa, kowanne kashi 2 cikin ɗari yake mayarwa.

American Express daban yake, shi ne hanyar kuma yawancin katunansa shi ke bugawa da kansa. Tukuicinsa na tafiye-tafiye yana da tsoka, amma abin da yake cira daga mai shago ya fi yawa, shi ya sa wasu ƙananan shaguna ke ƙin sa. In ka zo gida Kano ko Yamai kuwa, da wuya ka sami inda zai yi aiki. Ni dai ba zan riƙe shi a matsayin kati ɗaya tilo ba. Tunda kana zuwa gida, ɗauki Visa ko Mastercard, ka tabbata ba ya cirar kuɗin amfani a ƙasar waje, wanda yawanci kashi 3 ne. Katunan Capital One ba sa cira.

Batun riba kuma ba abin wasa ba ne. Wanda ya biya duka bashin kafin ranar da aka yanka, ba a ɗora masa ko kwabo. Duk da haka malamai sun saɓa, wasu sun hana sa hannu a yarjejeniyar da ke da sharaɗin riba tun farko, don haka ka zauna da malamin da ka amince da shi. Kuma kada ka cire tsabar kuɗi da katin a na'urar ATM: ribar wannan tun ranar take fara hawa, babu wa'adi.